Rabin Maganar Goggo Atine

Raniya ba ta taɓa jin hannunta yana ƙaiƙayin marin babban mutum ba sai ranar da Kawu Lawali ya dawo daga Ƙala'at an-Nahal. Ya shigo shagon da ƙurar hanya har gira, babu sallama babu komai, ya wurga mata filash ɗin a kan tebur kamar ya yar da mataccen ɓera.

"Ga tsiyarki nan," in ji shi. "Kin kashe mini uba da ransa."

Shagon na Ammar ne, mai ɗaukar bidiyon biki, can bayan kasuwar da ake gwanjon riɗi a Gadarif. Raniya tana tsakiyar karatun kwamfuta a Khartoum yaƙi ya koro su, ta dawo gidan kakarta da jaka ɗaya da haushi cike da ciki. Ammar ya ɗauke ta tana gyara masa hotunan amare a kan wata tsohuwar kwamfuta mai nishi. Filash ɗin da ke gabanta kuwa ba biki ne a cikinsa ba. Saƙon kakarta ne, Goggo Atine, zuwa ga ƙanenta Suleiman, mahaifin Lawali.

Atine da Suleiman uwa ɗaya uba ɗaya, amma rabon da su yi wa juna ko sannu tun ba a haifi Raniya ba. Innarsu ta rasu a Ƙala'a da tsakiyar damina, Atine tana aure a Gadarif. Da labari ya iske ta, ta faɗa lori, lori ya kafe a baƙar lakar nan da ke riƙe taya kamar danƙo. Ta sauka, ta tuɓe takalmi, ta taka da ƙafa. Wani mai jaki ya riga ta isa, ya shaida wa Suleiman cewa yayarsa tana nan tafe, ta kusa. Suleiman ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce ruwa zai sake sauka, ba a ajiye gawa. Atine ta shigo gari daidai lokacin da maza ke dawowa daga maƙabarta suna karkaɗe hannu. Ba ta ga fuskar uwarta ba. Daga ranar ta rufe baki da shi, ta rantse ƙafarta ba za ta ƙara taka Ƙala'a ba. Amma da ɗansa Lawali ya zo Gadarif koyon tuƙi, ita ta riƙe shi, ta ci da shi, ta yi masa aure. A bakinsa gidan duka ya ɗauki kiran ta Goggo, har jikokinta.

Bana ciwo ya kwantar da Suleiman, ƙafafu suka kumbura, kunne kuma ya tafi saura kaɗan. Lawali ya yi magiya har ya gaji, Goggo ta ce rantsuwa ta yi. Waya ba ta da amfani, layi sai ya ga dama yake zuwa, kuma ko ya zo tsohon ba ya ji. Raniya ce ta kawo dabarar kyamara, ta aro ta Ammar. Goggo ta yi kwana da kwanaki tana cewa a'a, sai rannan da hantsi ta yafa farin tob ɗinta, lafayar matan Sudan, ta zauna a bakin gado, ta ce a kunna abin.

Ta fara da zagi. Ta kira shi mai gaggawar tsiya, mai zuciyar dutse, wanda ya tura ƙasa a kan uwarsu kamar mai rufe ramin shara. Ta tuno masa lakar da ta yanka mata ƙafa, ta tuno masa goyon da ta yi masa yana majina. Ta daɗe tana yi, yatsa a miƙe. Can sai ta sauke hannu, ta dubi kyamarar kamar shi ne a zaune. Ta ce, "Sule, na yafe maka. Tun ranar da ɗanka ya shigo gidan nan da idanun Inna na yafe. Halas." Halas a bakin mutanen Sudan na nufin shi ke nan, an gama. Raniya tana bayan kyamara tana share hawaye da gefen gyale.

Washegari Lawali ya tsaya a ƙofar shago da lori cike da masu yankan riɗi, kowa da laujensa, suna buga jikin mota suna kiran sunansa. Raniya ta sa katin kyamara, ta sa filash ɗin da ya sayo a bakin tasha, mai arha, mai nawa. Ta tura fayil ɗin. Layin nan mai nuna tafiyar aiki ya zura da gudu ya cika, allo ya ce an gama.

Ta san ba a gama ba, kuma wannan ne yake ci mata rai har yau. Tsarin da ke tafiyar da kwamfuta ba ya son ya tsayar da mutum. In aka ba shi babban fayil, sai ya zuba shi a ƙwaƙwalwarsa mai sauri, ya ce wa manhaja ta je an karɓa, sannan ya koma yana ɗura wa filash sannu a hankali gwargwadon yadda filash ɗin ke iya haɗiya. In kuma aka ce a buɗe fayil ɗin, ba ya wahalar da kansa ya je can ƙasa ya ɗauko, na hannunsa yake miƙowa. Malamansu kash suke ce wa wannan. Kullum shi yake ceton ta a wurin aiki: bidiyon amarya da ya yi mata nawa a buɗewar farko, a ta biyu kafin ta ƙifta ido ya fito. Tana ma yi wa Ammar fahari da shi.

"Ya shiga?" in ji Lawali, yana tsaye a kanta yana warin dizal.

"Ya ce ya shiga. Ka ɗan dakata, Kawu, ka ga wutar nan tana ƙiftawa."

"Buɗe in gani."

Ta buɗe. Da ta sani ta ce masa a'a. Ta danna sunan fayil ɗin a cikin filash, ya fito nan take babu ko tangarɗa, ta ja shi zuwa ƙarshe, Goggo ta ce na yafe maka. Lawali ya juya kai ya goge ido da hula. Shi kuma Ammar tun ɗazu yake tsaye a ƙofa da jakar kyamara, yana da biki a wata unguwa, yana ta nanatawa, katin, ya Raniya, katin. Ta juya a fusace ta daka masa tsawa, "Halas, ya Ammar, halas!" Nufinta ya ishe ta da surutu. Juyowar da za ta yi, filash yana hannun Lawali.

"Kawu! Bai gama ba!"

"Na gani da idona," ya ce daga bakin ƙofa, ya haye lori.

Ta bi shi da gudu har bakin titi, rakshoshi, kekunan haya masu ƙafa uku, suka shiga tsakani, lori ya ɓace. Kafin ta dawo Ammar ya zare katinsa ya hau babur. Tana tsaye tana kallon allo wuta ta ɗauke kamar yadda ta saba, duk abin da ya rage a ƙwaƙwalwar kwamfutar ya tafi da ita. Da ta gano gidan bikin da yamma, Ammar ya riga ya goge katin, rawar dangin ango ta hau kan fuskar Goggo. Ta kira Lawali, layi babu. Sai ta dinga lallashin kanta cewa wataƙila ya shige duka, ba ta gaya wa kowa ba.

Yanzu ga Lawali a gabanta, jijiyar wuyansa ta miƙe, yana ba ta labarin abin da ya faru. Ya tara gida kaf. An ɗauko talabijin an haɗa da batirin sola, an ƙure murya saboda kunnen tsoho, har maƙwabta suka shigo jin abin arziki. Aka jingina Suleiman da matashi. Goggo ta fito ta zage shi tas a gaban 'ya'yansa da surukansa da limamin unguwa. Daidai inda ta ce kamar mai rufe ramin shara, hoto ya tsaya cak, bakinta a buɗe, yatsa a miƙe. Aka cire aka mayar, aka hura, aka goge da riga, nan dai yake tsayawa.

"Na rantse masa akwai saura," in ji Lawali. "Na ce Baba, wallahi ta yafe, na ji da kunnena. Ya ce, ɗana, kada ka yi mini ƙarya don tausayi, na ga abin da ta aiko. Ya juya fuska bango. Ko kunu ya ƙi sha."

"Na ce maka ka dakata."

"Kin buɗe mini! Ba ke kika buɗe ba? Ba ta yi magana har ƙarshe ba?"

"Ba daga filash ɗinka ta yi magana ba, Kawu, daga cikin kwamfuta ne!" Muryarta ta tashi har masu shayin waje suka leƙo. "Kai da kake kwasar riɗi, in an yanke shi an jingina a gona yana shan iska, ka taɓa cewa ya shiga buhu? Haka yake. An yanka, ba a kakkaɓe ba, kai kuma ka ja mota ka tafi da rabin buhu."

"To don me ta ce ta gama? Maƙaryaciyar na'ura!"

"Don irinku aka yi ta haka, masu tsayawa a kan mutum suna buga ƙafa. An san ba za ku iya jira ba, shi ya sa take ce muku an gama."

Ammar ya sako baki daga bayan kanta, wai shi dai ba ruwansa, ita ta ce halas. Raniya ta juya masa ido ja. Halas ɗin da ake cewa yaro ya daina kuka, da halas ɗin da ake cewa an sallami baƙo, duk ɗaya ne a kunnensa? Ammar ya ɗaga kafaɗa ya ce ma'alesh, wato a yi haƙuri. Ta ji kamar ta kwaɗa masa madannin kwamfuta a ka. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne duk su ukun suna da gaskiyarsu, kuma ita kaɗai ce a cikinsu ta san abin da wutar nan mai ƙiftawa take nufi.

Ta ɗauki gyalenta ta ce wa Lawali ya biyo ta gida.

Sun iske Goggo a tsakar gida tana soya bunni, 'ya'yan kofi, hayaƙi yana tashi. Raniya ta durƙusa ta faɗi komai, ba ta rage nata laifin ba. Goggo ba ta daina juya kasko ba.

"To," ta ce. "Ya ji nasa."

"Rabi ya ji, Goggo. Zan sake aro kyamara, ki maimaita ƙarshen kawai."

"In maimaita? Ni mai waƙar rediyo ce? Abin da ya fita daga ƙirjina da ƙyar kamar ana zare ƙaya, shi za ki ce in sake don kun yi sakarci? Na faɗa sau ɗaya. Tsakanina da Allah na sauke. Halas."

Kalmar nan ce ta ƙarasa Raniya. Jika tana da bakin yi wa kaka wasa, kowa ya sani, amma abin da ya fito daga bakinta ba wasa ba ne.

"Kin sauke a ina? A cikinki kika sauke! Da bakinki kika ce tun ranar da Kawu ya shigo gidan nan kika yafe. Kawu da ya shigo ba gemu, dube shi yau da furfura. Duk shekarun nan kina riƙe da ita a ciki, kina jin daɗin ke kin gama, shi yana can bai san an yi ba. Ke da kwamfutar nan ba ku da maraba, Goggo. Ita ma cewa ta yi halas alhali ba ta kai ba. Ita ko ta fi ki, don tana ƙoƙarin kaiwa aka fizge mata."

Lawali ya ce, "Ke, Raniya!" a tsorace.

"Bar ni, Kawu. In ya mutu gobe, wa kika yafe wa? Bango?"

Bunni ya ƙone a kasko, wari ya cika gidan. Goggo ta sauke shi a hankali. Ta dubi jikarta, kallon da ke sa manyan maza su tuna suna da aiki a waje. Raniya ba ta sunkuyar da kai ba.

"'Yar banza mai bakin uwarta," in ji Goggo. Ta dafa ƙasa ta miƙe. "Lawali, motarka tana da mai?"

"Goggo, rantsuwar fa?"

"Zan yi kaffara, ba kai za ka yi mini azumin ba. Ban ƙara ba wa ƙarfe amana. Miƙo mini tob ɗina, ke."

Suka kama hanya da sassafe, su uku a gaban lori, Goggo a tsakiya. Damina ta wuce, lakar da ta taɓa riƙe ta ta bushe ta tsage. Hagu da dama dawa ta yi kai, riɗi a jingine tsibi-tsibi, masu yanka sun duƙa. Da suka zo wani kwari, Goggo ta nuna da haɓa ta ce a nan ta tuɓe takalmi. Duk ramin da Lawali ya faɗa da gudu sai ta mintsine shi a cinya.

A Ƙala'a mata suka fito suna salati, ta wuce su kamar ba ta gan su ba. Suleiman yana kwance a ɗakin zaure, fuska a bango, ya rame har ƙashin kafaɗarsa ya fito ta cikin riga. Talabijin ɗin tana nan a kan kujera an rufe ta da zane. Lawali ya sunkuya ya yi masa magana a kunne da ƙarfi. Tsohon ya juyo da ƙyar. Suka kalli juna, tsofaffi biyu masu hanci iri ɗaya.

Raniya ta yi zaton kakarta za ta tafi kai tsaye ga abin da ya kawo su. Ina! Goggo ta ja kujera ta zauna, ta gyara tob, ta miƙe yatsa, ta faro daga farko: mai gaggawar tsiya, mai zuciyar dutse. Har da ƙari, abubuwan da ta manta ba ta faɗa wa kyamara ba. Matar Suleiman ta rufe baki da hannu. Lawali ya yi gumi, ya matso kusa da Raniya yana raɗa cewa wannan ai ƙarasa shi za ta yi, gara a fitar da ita a huta, in ya so a dawo anjima. Ya sa hannu a aljihu yana lalubar makullin mota.

Raniya ta riga shi. Ta fizge makullin ta cusa a cikin rigarta, ta tsaya a bakin ƙofa ta tokare da hannu biyu.

"Ba mai motsi," ta ce. "Ba mai taɓa ta sai ta gama."

Goggo ta kai kan ramin shara, ta wuce shi. Suleiman ya runtse ido, don a nan ya san maganar take ƙarewa. Da ya ji ba ta ƙare ba sai ya buɗe. Goggo ta sauke hannu. Muryarta ta yi ƙasa, ƙasa sosai, kamar mai jin kunyar a gan ta tana ba da sadaka.

"Sule, na yafe maka."

Matan da ke bakin taga suka fashe da kuka. Lawali ya ce alhamdulillahi, ya juya zai fita. Goggo ta fara tattara tob za ta tashi, ta buɗe baki za ta ce halas.

"Zauna," in ji Raniya. "Dube shi."

Suleiman yana kallon bakin yayarsa, ya karkato da kunnen da ya fi dama-dama, goshinsa a tattare. Kowa a ɗakin ya ji, ban da shi.

"Me ta ce?" ya tambaya.

Lawali ya yunƙura zai faɗa masa, Raniya ta riƙe masa riga. Daga bakin Lawali ai ya riga ya ji sau ɗaya bai yarda ba. Goggo ta dubi jikarta kamar ta cinye ta ɗanya, Raniya ta mayar mata da kallon. Tsohuwar ta ja tsaki mai tsawo, ta sauka daga kujera ta durƙusa a bakin gadon, ta kama kunnen ƙanenta da yatsu biyu yadda take kama shi yana yaro, ta kwarara ihu har awakin waje suka firgita.

"Na ce na yafe maka, kurman banza! Tun tuni na yafe!"

Suleiman ya lalubo hannun da ke riƙe da kunnensa ya damƙe shi da nasa biyu.

"Na ji, Yaya," ya ce. "Kin makara ke ma."

"Rufe mini baki. A kawo masa kunu."

Sai a lokacin Raniya ta sauke hannu daga ƙofa, ta zaro makullin ta miƙa wa Lawali.